Kalmar "hooligan" ba ɗan daba take nufi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na wasanni na makon jiya kun fassara "hooligans" da "'yan daba", kuma tun ranar abin yake yi mini ƙaiƙayi.

Kalmar ta yi tashe ne a Landan a bazarar 1898, lokacin da jaridu suka riƙa kwaso ta daga zaman kotunan 'yan sanda. Samarin unguwannin Lambeth da Southwark ake kira da ita, masu yawo gungu-gungu suna dukan mutane da bel mai kan ƙarfe. A 1899 marubuci Clarence Rook ya ce sunan wani ɗan ƙasar Ayilan ne, Patrick Hooligan, mai tsaron ƙofar mashaya da ke ɗan taɓa sata. Wasu kuma sun ce daga Houlihan ne, sunan zuri'a a Ayilan, wanda mawaƙan barkwanci na lokacin suka liƙa wa wani gida na masu rigima. Ko ta ina aka ɓullo, sunan gidan wasu talakawa baƙi ne ya koma zagi, wanda ya nuna irin kallon da Ingila take yi wa mutanen Ayilan a wancan zamani. A ce sunan kakanka ne mana!

Daga baya ne kalmar ta manne wa ƙwallo. A 1985, a filin Heysel da ke Brussels, magoya bayan Liverpool suka afka wa na Juventus, katanga ta rufta, mutum 39 suka mutu, aka dakatar da ƙungiyoyin Ingila shekara biyar daga gasannin Turai.

To ina ɗan daba a nan? Namu yana da dabarsa da ubangidansa, da gariyo a ƙugu, kuma tushensa yana komawa ga 'yan farauta da 'yan tauri. Wancan kuwa sau da yawa yana da aikin yi. Ranar Asabar ya ɗirki giya, ya fasa kujeru da kan abokin hamayya, Litinin ya goge riga ya tafi ofis. Da ƙanena ya karanta labarinku sai ya tambaye ni ko su ma Turawa suna shan maganin ƙarfe.

Ni dai a ganina "'yan tarzomar ƙwallo" ya wadatar. In ba a filin wasa ba ne, ga "'yan tada-zaune-tsaye" nan.

Naku,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano