Ba da kabon-14 ake gane shekarun lu'ulu'u ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in gyara wani kuskure da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi, wai da kabon-14 ake gane shekarun lu'ulu'u, tun da shi ma kabon ne zalla. Maganar tana kama da gaskiya, amma ba haka take ba. Rabin kabon-14, wani nau'in kabon da ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi, yakan rikiɗe cikin shekara 5,730, don haka ba ya iya auna abin da ya wuce shekara 50,000 ko makamancin haka, alhali akasarin lu'ulu'un da aka auna ya kai shekara biliyan 1 zuwa biliyan 3.5.

Abin da masana ke aunawa shi ne 'yar ƙwayar ma'adinin da ta maƙale cikin lu'ulu'un sa'ad da yake haɗuwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200, can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wato abin da dillali yake kira aibi. A cikin ƙwayar akwai nau'o'in sinadari da ake kira aisotof, waɗanda wasunsu suke rikiɗewa su koma wani sinadarin a kan ƙa'idar da zafi da matsin cikin ƙasa ba sa sauya ta. Samariyam-147 yana komawa niyodimiyam-143, rabinsa cikin shekara biliyan 106. Reniyam-187 kuma yana komawa osmiyam-187 cikin kusan biliyan 42. Da yake lu'ulu'u ya rufe ƙwayar ruf, babu shiga babu fita, idan aka gwada yawan uwa, wato sinadarin farko, da yawan 'ya, wato wanda ya koma, sai lissafin shekaru ya fito. Sai dai fa dole a fasa dutsen kafin a kai ga ƙwayar.

A shekarar 1984 Stephen Richardson da abokan aikinsa suka tattara ɗaruruwan ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ganet daga lu'ulu'un Kimberley da Finsch a Afirka ta Kudu, suka sami shekara fiye da biliyan 3. Dutsen kimbalait da ake haƙo lu'ulu'un Kimberley a cikinsa kuwa bai wuce shekara miliyan 90 ba. Ashe kimbalait ɗan dako ne kawai, aman wuta ne da ya tsinci kaya a hanya ya fito da su sarari. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka iya auna ƙwayar salfaid, wato ma'adini mai ɗauke da farar wuta, guda ɗaya tak da reniyam da osmiyam, kuma da wannan hanya aka sami shekara biliyan 3.5 a lu'ulu'un mahaƙar Ekati ta Kanada. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa daga kwal lu'ulu'u yake, domin a lokacin babu tsiro ko ɗaya a bayan ƙasa, balle kwal.

Inda nake ganin ya kamata marubuta su yi hattara shi ne, shekarun ƙwayar ake samu, ba na lu'ulu'un kansa ba. Akwai masanan da suka nuna cewa wasu ƙwayoyin sun riga lu'ulu'un samuwa, daga baya ya girma ya kewaye su. Wasu kuma suna ganin zafin wurin yakan sake daidaita sinadaran a daidai lokacin rufewar, musamman a ƙananan ƙwayoyin salfaid, don haka lissafin yana nan daram. Har yanzu ana wannan muhawara.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku