Sabuwar oba-oba ba ta gyara bakin mai riƙe da ita

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta rahotonku kan kayan aikin da 'yan sanda ke buƙata, inda kuka jero motocin sintiri da rigunan sulke da sababbin na'urorin oba-oba, wato rediyon da jami'ai ke magana da juna da shi. Duk na yarda da su. Sai dai akwai abu guda da ban gani a cikin jerin ba, wato koya wa jami'i abin da zai faɗa idan ya danna maɓallin magana na oba-oba, da koya wa na zaune a ɗakin sadarwa yadda zai ji ya kuma isar. Na daɗe ina aikin ɗakin sadarwa kafin in ajiye, kuma har yau akwai daren da ba ya barin zuciyata.

Wajen ƙarfe biyu ne, layi ya yi tsit, ba abin da nake ji sai ƙarar agogon bango. Kwatsam sai murya ta faso cikin haki: "Ku kawo ɗauki, suna da makami!" Daga nan ɗif. Bai faɗi lambar kiransa ba, bai faɗi inda yake ba. Na kira sau uku, shiru. Abin da ya taimake ni kawai shi ne na saba da muryar. Na jawo littafin rajista ina bi da yatsa, hannuna na rawa, har na kai kan wurin da ya ce yana tsaye minti arba'in da suka wuce. Can na tura mota. Ashe ya bar wurin tuni bai sanar ba, ya bi wasu mutane cikin lungu. Sai da aka yi ta zagaye da fitila kafin a same shi jingine da bango, jini na zuba daga kafaɗarsa. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Kalma shida ya iya faɗa a numfashin nan guda, kuma da biyu daga ciki sunan titi ne, da an isa gare shi kafin ya zubar da rabin jinin da ya zubar.

Tun daga ranar, duk sabon jami'in da ya zo hannuna abu ɗaya nake fara dasa masa: wanda kake kira, kai wane ne, ina kake, sannan me ke faruwa, sannan me kake so. Jerin yana da dalili. Idan maganar ta yanke bayan na uku, an san inda za a tura mutane. Wanda kuwa ya fara da labari, ya bar wuri sai ƙarshe, ya jingina ransa a kan zaton cewa za a bar shi ya gama magana. Haka nan duk lokacin da ya tashi daga wuri, ko ya tsayar da mota, ko zai shiga gini, ya faɗa kafin ya yi. Wasu na ganin wannan takura ce, kamar ana bin diddiginsu. Wallahi ba don haka ba ne. Na ɗaki ba shi da ido a waje, da kunne kawai yake gani, kuma Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mutane da yawa suna ɗaukar oba-oba kamar wayar salula, alhali sun sha bamban. A waya ku biyu ne, kuna iya katse juna. A oba-oba hanya ɗaya ce siririya, jami'ai da dama ke bin ta, kuma mutum ɗaya ne ke wucewa a lokaci guda. Muddin yatsanka na kan maɓalli, ba ka jin kowa, kuma ka tare wa kowa hanya. A tsofaffin na'urori, idan biyu suka danna tare, ko dai a ji ƙara mai tsinka kunne, ko mai ƙarfin sigina ya haɗiye ɗan'uwansa. Shi ya sa doguwar gaisuwa, da faɗa tsakanin babba da ƙarami, da hirar da ba ta shafi aiki ba, duk ba su da gurbi a layi. Na taɓa jin wani babba yana yi wa na ƙasa da shi faɗa kusan minti biyu a kan layi, ni kuwa zuciyata na dukan uku-uku, don ban san ko akwai wanda ke danna maɓalli a wani wuri yana neman ceto ba. Faɗa yana iya jira har a dawo ofis.

Sai a tsara magana a zuci tukuna, a danna, a ɗan dakata kamar daƙiƙa guda, sannan a buɗe baki. Mai gaggawa yakan fara magana kafin layi ya buɗe, kalmarsa ta farko ta ɓace, a ce ya maimaita, sauri ya haifi nawa. Wannan matsala tsohuwa ce. Lambobin nan da ake ji a bakin 'yan sandan Amurka, irin su 10-4 mai nufin "na ji na gane", wani jami'in sadarwa na 'yan sandan jihar Illinois mai suna Charles Hopper ne ya fara tsara su a 1937. Rediyon motocin lokacin yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya kai cikakken ƙarfi, sai aka sa "goma" a gaba domin in ta ɓace, lambar da ke ɗauke da saƙon ta tsira.

Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma daga baya ta zama tarko. Kowace runduna ta riƙa sauya ma'anar lambobin yadda ta ga dama. A birnin New York, 10-13 na nufin jami'i yana cikin haɗari a kai masa ɗauki. A wasu wuraren kuwa tambaya ce kan yanayin sama da halin hanya. Ranar da babban bala'i ya haɗa rundunoni daban-daban wuri guda, sai aka ga kowa da yarensa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 da guguwar Katrina ta 2005, hukumomin tarayyar Amurka suka nemi a riƙa magana a fili duk lokacin da hukumomi da yawa ke aiki tare, kuma a 2006 'yan sandan jihar Virginia suka koma magana a fili a aikinsu na yau da kullum. Ni ina tare da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari. Masu cewa lambobi na ɓoye sirri su sani cewa duk ɓarawon da ya damu ya haddace su cikin yini guda. Sirri aikin na'ura ne mai kulle sauti. 'Yan kalmomin sirri kaɗan sun isa a ware, don lokacin da wanda ake zargi yake tsaye kusa yana jin abin da ake faɗa.

Harufa da lambobi su ne suka fi saurin ɓata. B da D da T, ko M da N, duk ɗaya suke fitowa cikin iska da kukan jiniya. Saboda haka ake amfani da jerin kalmomi a madadin harufa, wato Alfa don A, Bravo don B, Charlie don C, Delta don D, wanda harkar jiragen sama ta duniya ta tsayar a 1956. Harafi ɗaya na lambar mota idan ya kauce, za a tare bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, mai laifin kuma ya wuce abinsa. Maganin shi ne mai karɓa ya maimaita abin da ya ji, mai faɗa ya tabbatar. "To" kaɗai ba amsa ba ce. Masu jiragen sama sun koyi wannan darasi da jini a tsibirin Tenerife a 1977, lokacin da saƙo biyu suka yi karo a layi, matuƙi ya ji guntun magana ya ɗauka an ba shi izinin tashi, jirage biyu suka haɗu cikin hazo, mutum 583 suka mutu.

Ranka ya daɗe, kada a ce na ɗora komai a kan na waje. Nauyin da ke kan na ɗaki ya fi abin da mutane ke zato, don shi ɗan aike ne, kuma amanar ɗan aike ita ce ya kai saƙo yadda aka ba shi, ba ƙari ba ragi. A watan Nuwamba 2014, a birnin Cleveland na Amurka, wani mutum ya kira lambar gaggawa ya ce akwai wanda ke nuna bindiga a filin shaƙatawa. Ya ƙara da cewa wataƙila bindigar ta wasa ce, wataƙila kuma yaro ne. Waɗannan "wataƙila" guda biyu ba su isa kunnen jami'an da aka tura ba. Cikin daƙiƙoƙi da isarsu aka harbi yaro ɗan shekara 12, bindigar kuwa ta wasa ce, ya rasu washegari. Ban ce wannan ya wanke wanda ya harba ba. Abin da nake so a gane shi ne, kokwanton mai kira wani ɓangare ne na saƙo. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai in ga kaina a kujerar, kira na shigowa a jere, ina taƙaita magana don in ci lokaci. Taƙaitawa wajibi ce, amma sanin kalmar da ba a yankewa shi ne gwanintar aikin. Dole jami'i ya san bambancin abin da mai kira ya gani da idonsa, da abin da aka gaya masa, da abin da yake zato.

Sai kuma murya. Idan na waje ya firgita, na ɗaki ne ya kamata ya zama turke. In ya ɗaga murya shi ma, tsoro ya bazu a layi gaba ɗaya. In ya yi magana a natse, ya kira lambar jami'in, ya ce an ji, mota na tafe, ya kuma umarci sauran su bar layi, sai ka ji numfashin wancan ya fara daidaita. Na shaida wannan ba sau ɗaya ba. Idan kuma jami'i ya daɗe shiru bayan ya ce zai shiga wani wuri, na ɗaki ne zai neme shi, kada ya jira.

Ko na'urar ma sai an riƙe ta take amfani. A harin makarantar Uvalde ta jihar Texas a 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2, jami'ai kusan 400 ne suka taru, amma shugaban 'yan sandan makarantar ya shiga ginin ba tare da rediyonsa ba, alhali yara na ciki suna kiran lambar gaggawa. Sai da aka haura awa guda kafin a fasa ajin.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake kallon ɗakin sadarwa a rundunoni da dama: wurin ajiye wanda ba shi da lafiya, ko wanda ake son hukuntawa, ko sabon da ba a san inda za a kai shi ba. A ba shi kujera da littafi a ce ya koya da kansa. Mutumin da rayukan jami'ai ke rataye a kunnensa ya cancanci horo na musamman, da hutu tsakanin aiki, da ikon ce wa kowa, komai girman muƙaminsa, ya sauka daga layi idan akwai gaggawa. A riƙa naɗar maganganun layi, a zauna lokaci-lokaci a saurara tare don gyara, ba don neman wanda za a kama ba. A riƙa atisaye da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti, kowa ya ji muryar ɗan'uwansa kafin ranar tsanani. A kuma riƙa kai jami'an sintiri su kwana ɗaya a ɗakin, su ji yadda muryarsu take fitowa ta wancan ɓangaren.

Roƙona gare ku, idan za ku sake rahoto kan kayan aikin 'yan sanda, ku tambayi shugabanninsu awa nawa ake ware wa sabon jami'i don koyon magana a oba-oba, da kuma wane ne ke horar da na ɗaki. In da hali, ku nemi izini wakilinku ya zauna dare guda a ɗakin sadarwa, daga ƙarfe goma zuwa asuba, ya rubuto mana abin da kunnensa ya ji.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin sadarwa