Masu ciwon suga, a daina gudun aikin leza don tsoron zafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke makantar da masu ciwon suga nan Zamfara, wato tsoron aikin leza, wanda ake yi ma ido da wani haske mai ƙarfi na na'ura. Da zarar likita ya ce za a yi ma mutum leza a ido sai 'yan majalisa su taso, wai wuta za a sa ma idon, wai zafin ba ya juruwa, shi ke nan sai mutum ya ɗauke ƙafa daga asibiti.

Zafi kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Suga in ya daɗe yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido, sai wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro suna fashewa suna zubar da jini ciki. Lezar tana ƙona gefe-gefen wurin ne ɗigo-ɗigo, galibi sama da 1,000, don waɗannan jijiyoyin su janye, shi ya sa ake yawan raba aikin zama 2 ko 3. Ana ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido da na kashe zafi, ka aza haɓa kan na'ura, a manna wani ɗan gilashi kan idon, sai walƙiya ta yi ta faɗo maka. To maganin ɗigawar saman ido kaɗai yake kashewa, in hasken ya faɗa kusa da jijiyar da ke ɗaukar zafi za ka ji tsuka can ciki kamar ta ciwon haƙori.

Kawuna da aka yi mai, cije baki ya yi, ya damƙe bakin tebur hawaye na zuba bai ce uffan ba, wai shi namiji, sai da muka fito ya rantse ba ya komawa. Alhali da ya ce "likita da zafi" ana iya dakatawa ya huta, ko a rage ƙarfin hasken, ko a yi allurar kashe zafi gefen idon. Wanga jarumtar ba ta da amfani wallahi. Da ƙyar da lallashi muka maida shi.

Ku ma likitoci da nas-nas, ku riƙa faɗa ma mutane tun kafin su zauna cewa suna da damar yin magana, dattawanmu kunyarku suke ji. Ku kuma gaya musu gaskiya, leza ba ta maido ganin da ya tafi, wanda ya saura take tsarewa, kuma ganin dare na iya raguwa. Ranar aikin a zo da ɗan rakiya, don ido zai yi dishi-dishi na wasu awoyi, kar wani ya ce zai tuƙa mashin ya koma gida.

Naku,
Mai karatu daga Talata Mafara