Amsa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni A Taron 'Yan Kasuwa

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar taron 'yan kasuwa a kasuwar Terminus ta Jos ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: don me za a tilasta wa mai lafiya biyan kuɗin asibiti tun ciwo bai zo ba, wato inshorar lafiya, maimakon a bar wa kowa ganin damarsa? Kiran sallah ya katse mu. Tunda a fili ka yi tambayar, ga amsata a fili: ni dai ina goyon bayan a tilasta.

Na yi aikin jinya har na ajiye, kuma abin da idona ya gani ya nuna mini cewa tun asali dole muke biya. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa, a ranar da ya fi kowace rana rashin kuɗi. Na sha ganin mace a kwance tana naƙuda, an ce sai tiyata, mijinta yana waje yana neman mai sayen babur ɗinsa a wulaƙance. Kai ma ka san takardar asibitin da ake ɗagawa a masallaci bayan an sallame, ana cewa a taimaka saboda Allah. Wa ya zaɓi wannan?

Ka fi ni sanin adashi, Alhaji. In kowa sai ranar kwasarsa zai shigo, mako nawa adashin zai yi? Haka asusun lafiya yake. Idan aka ce ganin dama, mai hawan jini da mai ciwon suga da mai ciki ne za su yi rajista, saurayi mai jini a jika ya ce sai wata rana. Asusun ya cika da masu ɗiba, kuɗin shiga ya tashi, sauran masu lafiyar su gudu. Mun gwada ai. NHIS, wato tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta fara aiki a 2005, ta yi shekara da shekaru galibin masu cin gajiyarta ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, saboda su aka fara da su. Shi ya sa dokar NHIA, wato hukumar da ta gaji NHIS, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta wa kowa shiga.

Masu kokwanto ta fuskar addini kuwa, ni taimakekeniya na ɗauke shi: ka zuba, ko ba ka yi ciwo ba an yi wa maƙwabcinka magani.

Amma in tsoronka shi ne a karɓi kuɗi a rasa magani, na gane shi, har cikin zuciyata. Da kaina na raka ƙanwata wani asibiti da katinta na inshora a hannu, aka ce magani ya ƙare, mu je kemis mu saya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya karɓi kuɗin mutane dole, to shi ma dole ta hau kansa. A nan Abuja tamu shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ba. Dokar 2022 ɗin ta tanadi asusun marasa galihu, don haka mai tura baro da marainiya gwamnati ce za ta biya musu, ba a bi su bashi ba. Ɗan kasuwa kuma ba albashi yake ɗauka ba, sai a bar shi ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyarsa.

Ga roƙona. Ka ɗauko shugabannin ƙungiyarku mu je ofishin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, tare, mu tambaye su nawa ne a shekara, wane ciwo katin ya ɗauke, kuma wa za mu kai wa kuka ranar da aka ce babu magani. Ka sa rana, in Allah ya yarda zan zo.

Wassalam,
'Yar'uwarka, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Jos.