Cukun Kabrales da nonon da ake tsinka mana a Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani ƙaramin gari a arewacin Sifen, Arenas de Kabrales, can cikin duwatsun Pikos de Yuropa a yankin Asturiyas. Makiyaya ne kamar Fulaninmu, shanu da awaki da tumaki, amma cukunsu duniya ta san shi. Da ɗanyar madara suke yi, a barbaɗa gishiri sannan a ɗauka a kai cikin kogon dutse mai sanyi da laima a jera a kan katako wata biyu zuwa huɗu ana juyawa ana gogewa har fumfuna ta ratsa cikinsa ya yi tsanwa-tsanwa, wari kam ba a magana, wani namu ko kyauta ba zai ci ba. Abin shansu kuma giyar tuffa ce, wannan ba ruwanmu da ita.

Abin da ya ja hankalina shi ne tun 1981 doka ta kare sunan. Ba ka isa ka yi cuku a wani gari ka ce na Kabrales ne ba, dole madarar ta fito daga dabbobin yankin. Duk Lahadin ƙarshen watan Agusta sai su yi gasa a yi gwanjon wanda ya zo na ɗaya, a 2023 guda ɗaya mai kilo 2.2 Yuro 30,000 aka saye shi, kuɗin motar wani fa.

To mu nan Kano fa? Wallahi abin na ci min rai. Ka sayi fura da nono yanzu sau da yawa madarar gari ce aka dama ko an tsinka da ruwa, ita kuma Bafulatanar da ta taso tun asuba daga ruga da kindirmo na gaskiya ita ake yi wa tayin wulaƙanci. Gurasar Jakara, kilishin Agadasawa, kowa ya ga dama sai ya ara sunan ya sa wa nasa, ba mai tambaya.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta zauna da masu waɗannan sana'o'i, a yi musu rajista da tambari da ƙa'idar da kowa zai bi, a kuma sa musu gasa ko sau ɗaya a shekara, ko lokacin bikin sallah ne ma da baƙi ke cika gari. Kuma don Allah Edita ku tura wakilinku Jakara ya ji ta bakin matan da ke gashin gurasar nan.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Gwammaja, Kano