Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Ƙarasa Ɗakin Jinyar da Mama Nas Ta Fara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai, na nan Jos da waɗanda neman abinci ya kai Abuja, Kano ko Legas: kwamitin Islamiyyarmu da ke Rikkos ne ke gaishe ku. Yau wata biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran uwarmu, wadda yara da manya ke kira Mama Nas. Allah Ya jiƙanta, Ya sa haƙurin da ta yi da mu ya zama haske a kabarinta.

Duk wanda ya yi karatu a nan ya san bencin da ke ƙarƙashin barandar ajin 'yan haddar mata. A kan bencin nan ta yi shekaru tana duba 'ya'yanmu kowace Asabar da Lahadi, sau da yawa bayan ta kwana a asibiti tana aikin dare. Za ta zo da rigar sanyi a kan fararen kayanta, da jaka mai ɗauke da ma'aunin zafin jiki, auduga, bandeji da abin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Idan an matsa mata sai ta ce a sayi sabulu a ajiye a bakin famfo.

A Vom ta yi karatun jinya, ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, ta kuma reni nata 'ya'yan tare da marayun da ta ɗauko daga dangi. Amma abin da matan unguwa suka fi tunawa shi ne karatun da take yi musu bayan an tashi daga ajin matan aure. Ita ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro na gudawa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta sha faɗa a kan cusa wa yaro cokali a baki idan zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Cewa take a kwantar da shi ta gefe, a rage masa kaya, a nufi asibiti. Kuma ba ta yarda a shiga kemis a sayo maganin maleriya ba tare da gwaji ba. Faɗanta akwai zafi, gaskiya, amma wadda ta yi wa faɗa da safe ita za ta bi har gida da yamma ta ga jikin yaron.

A watan Yulin 2012, cikin azumi, ruwa ya yi ambaliya da dare ya ci gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane da dama suka rasu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira a ajujuwanmu suka kwana. Mama Nas ba ta koma gida ba sai bayan kwanaki. Tana wanke raunuka, tana tsaye a kan a tafasa ruwan sha, domin ta san abin da ke biyo bayan ambaliya shi ne amai da gudawa. A shekarun da rikici ya raba garin nan, har mutum ke tsoron ƙetara titi zuwa wata unguwa, ita ba ta daina zuwa wurin aiki ba, ba ta kuma taɓa tambayar mara lafiya addininsa. Ranar ta'aziyya abokan aikinta Kirista sun zo da yawa, suka zauna da iyalinta har magariba.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa a kanmu. Ta daɗe tana roƙon a ba ta ɗaki ko da ƙarami ne, inda yarinyar da ciwon mara ya kama za ta kwanta ba a idon jama'a ba, inda yaro mai zazzaɓi zai fake wa iskar hunturun Jos kafin mahaifiyarsa ta iso. Mu kuma kullum akwai abin da muke ganin ya fi gaggawa: albashin malamai, gyaran rufi, kuɗin jarrabawa. Da ta ga haka, da kuɗin sallamarta ta sayi bulo da siminti aka fara ginin. Ya kai linta, rashin lafiya ta kwantar da ita. Ga shi nan tsaye ba rufi, kullum muna wuce shi da nauyi a zuciya.

Shi muke son ƙarasawa kafin damina ta sauka. Ana buƙatar katako da kwanon rufi, siminti na filasta da daɓe, ƙofa da tagogi biyu masu raga, sai tankin ruwa da wurin wanke hannu. A ciki kuma gado biyu da katifu, barguna, na'urar auna hawan jini, da akwatin magani mai makulli. Ba asibiti za mu buɗe ba. Wurin taimakon gaggawa ne, abin da ya fi ƙarfinsa a tura gaba, kamar yadda ita take yi.

Malamanmu sun tuna mana cewa a zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a nan ne ma aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ɗakin jinya a jikin makarantar Alƙur'ani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Niyyarmu ya zama sadaka mai gudana gare ta, da duk wanda ya sa hannu.

Wanda zai ba da kuɗi ya ga ma'ajin kwamiti a ofishin makaranta ranar Asabar ko Lahadi da safe, ya kuma karɓi rasit komai ƙanƙantar abin. Na nesa su tuntuɓi shugaban makaranta ta lambar da iyaye suka sani. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo. Birkila ko kafintan da zai ba da yini ɗaya na aikinsa, muna maraba da shi. Duk ƙarshen wata za a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar ofis.

Sai roƙo na musamman ga 'ya'yanmu da suka zama nas-nas da ungozoma, wasunku ma ita ta cike muku takardar neman shiga makaranta. Muna neman waɗanda za su riƙa karɓa-karɓa, ko da Asabar ɗaya ce a wata. 'Ya'yanta sun kawo mana jakarta, tana ofis tana jiran mai ɗauka.

Allah Ya saka da alheri, Ya mayar muku da ninkin abin da kuka bayar.

Wassalam,
Kwamitin Makaranta