A Duba Kundin Tsarin Mulki Kafin a Saya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin ɗalibai da marubuta da masu kantin littattafai kan kwafin kundin tsarin mulkin Najeriya da ake baza wa a bakin tasha da ƙofar kotu da mahaɗar titi. Bangonsu duk iri ɗaya ne, kore da fari, an rubuta 1999. Amma da yawansu tsohon zubi ne, kuma wanda ya kafa hujja da su zai sha kunya.

Kundin ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, da sassa 320. Tun daga nan an yi masa gyara a zamanin Jonathan, aka sake a 2018, sannan a Maris na 2023 Buhari ya sa hannu kan wasu gyare-gyare 16. Masu ɗab'i kuwa sai su ɗauko tsohon rubutu su manna "wanda aka yi wa gyara" a bango, ba su faɗi wane gyara ba.

Tantancewar ba ta da wuya, a tsaye ma ana yin ta kafin a miƙa kuɗi. A buɗe sashe na 131 a ga shekarun mai neman shugaban ƙasa. In an ga 40, a ajiye, domin tun 2018 aka mayar da su 35. Sashe na 65 da na 106 kuma su nuna 25 ga ɗan majalisar wakilai da ta jiha. Sanata da gwamna ne suka tsaya a 35. Sai a leƙa bayan sashe na 254. In babu 254A, wanda ya shigar da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cikin manyan kotuna, to kwafin ya fi shekara goma da tsufa. Gwaji na ƙarshe yana Jadawali na Biyu: in har jirgin ƙasa da gidajen yari suna jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, gyaran 2023 bai shiga ba, don yanzu jihohi ma suna da hannu a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan littattafan Hausa masu bayanin "haƙƙin ɗan ƙasa". Niyyarsu mai kyau ce, amma sukan cakuɗa Babi na Biyu da Babi na Huɗu kamar nauyinsu ɗaya. Babi na Biyu, sashe na 13 zuwa 24, shi ne mai maganar ilimi kyauta da kula da lafiya da walwalar jama'a, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. Babi na Huɗu, sashe na 33 zuwa 46, shi ne wanda mutum zai riƙe ya tafi babbar kotu. Marubucin da bai raba su ba ya aika mai karatu wajen alƙali da hujjar da za a kora tun a zaman farko.

Kuma in za a yi bayani, a yi da lamba. Cewa "ba a tsare mutum da daɗewa" ba ta amfanar uwar da ɗanta ke caji ofis. Sashe na 35 ya ce cikin awa 24 a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. A faɗa kuma cewa wannan wa'adi na kai mutum kotu bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Littattafai da yawa sukan tsallake wannan togaciyar. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, abin da mutanenmu da dama ba su san su nema ba.

Haka batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Sashe na 277 ya lissafa huruminta: aure da saki, riƙon yara, wakafi, kyauta, wasiyya da gado. Rigimar cinikin fili ko bashi ba ta ciki, kuma wanda ya kai irin wannan ƙara can yakan yi asarar shekaru, daga baya a ce a koma farko.

Roƙona ga masu ɗab'i su rubuta gyaran ƙarshe da kwafinsu ya ƙunsa da shekararsa a shafin farko. Marubutanmu kuma su sa lambar sashe gefen kowace magana, kuma su bai wa lauya ya karanta kafin a kai maɗaba'a. Ita ma jaridarku, Malam Edita, da za ta ware ɗan gurbi kowane mako ta kawo sashe ɗaya da bayaninsa cikin Hausa, a fara da na 35.

Naku,
Mai karatu daga Zariya